Baturen da Ke Zuwa da Marka

Da ana iya mayar da yini baya, akwai yini ɗaya da zan roƙa a mayar mini. Ba don in ƙara komai a cikinsa ba, sai don mu yi shiru, ni da mutanen gidanmu, mu bar wani mutum ya ƙarasa maganarsa. Kalma ɗaya ya faɗa, mu kuma muka ji wata daban. Yau gemuna ya yi fari, duk waɗanda suke wurin sun rasu, saura ni. Shi ya sa na ga gara in rubuta, ko da rubutun nawa na yaƙi da jahilci ne.

A wani ƙauye na tashi kusa da Doguwa, a gindin duwatsu. Ban san mahaifina ba. Sunansa Sale. Ya shiga soja mahaifiyata tana ɗauke da cikina, aka tafi da su yaƙin Bama, can ƙetaren teku, bai dawo ba. Abin da ya iso gida kawai shi ne saƙo ta bakin dagaci cewa ya rasu. Mahaifiyata ta gama takaba, daga baya ta yi aure a Dangora, ni kuma aka bar ni a hannun kakata.

Sunanta Maryama, amma duk gidan Inna muke ce mata. Mahaifina shi ne ɗanta na fari, saboda haka, kamar yadda matan lokacin suke yi, ba ta taɓa kama sunansa ba. Yana da rai ba ta kama ba, ya mutu ma ba ta kama ba. In dole ta yi maganarsa sai ta ce “wancan yaron”, ta kau da kai. Mutane suna cewa Inna akwai haƙuri. Ni da nake kwana a ɗakinta na san akwai abu ɗaya da yake cin ta. Ba ta san yadda aka yi da gawarsa ba. An sa shi a ƙasa kamar Musulmi, ko an bar shi a daji? Babu wanda za ta tambaya, don shi kaɗai ya tafi daga ƙauyenmu, kuma ko da akwai, kunya ba za ta bar ta ba.

In damina ta yi tsakiya, lokacin marka, ruwa yakan wuni yana zuba ba ƙarfi ba tsayawa, har rana ta ɓace mana kwana da kwanaki. A irin wannan lokacin Inna takan hura wuta a tsakar ɗakinta tun magariba, saboda sanyi da sauro. In mun ci tuwo sai mu taru, ni da 'ya'yan Baffa Audu, ƙanen mahaifina, mu kewaye wutar. Gero ya fara nuna, sai ta jera tumu a bakin garwashi tana juyawa da yatsu, kamar wuta ba ta san ta ba. Ni take fara miƙa wa.

“Ungo, maigida. Kada ka ce amaryarka ba ta kula da kai.”

Ladi, 'yar Baffa, sai ta turo baki. “Kullum shi!”

“Ke in kin yi miji ya gasa miki. Wannan nawa ne, ko da yake ko goro bai taɓa sayo mini ba.”

Tatsuniyoyinta suna da yawa, na kura da na zomo da na 'yan matan da suka je rafi. Amma akwai labari ɗaya da ba ta yin sa sai da marka. Wannan ba a wajen kakanninta ta samo shi ba. A wajen wani Bature ta samo shi.

Ranar da ya fara zuwa ina ɗan yaro, ban fara noma sosai ba. Ana yayyafi, sai ga mutum fari, dogo, ramamme, yana turo keke cikin laka, ya jiƙe sharkaf. A bayan keken ya ɗaure wani ɗan dami na ganyaye. Mun san Turawan da ke haƙar kuza a duwatsun Riruwai, amma ba mu taɓa ganin ɗayansu ya shigo ƙauye shi kaɗai ba. Ya tsaya a ƙofar gidanmu ya yi sallama da irin Hausar bariki, ya ce uwar Sale yake nema.

Baffa Audu ya shigar da shi zaure, aka kirawo Inna. Da ta shigo sai mutumin ya cire hularsa, ya durƙusa a gabanta kamar ɗan gida, ya ce, “Matka.”

Mu yara da muke leƙe muka fashe da dariya. Mun ɗauka marka yake cewa, yana kai ƙarar ruwan da ya dake shi. Daga baya ne ya bayyana cewa da harshensu haka ake cewa uwa. Amma suna ya riga ya kama shi. Daga ranar duk ƙauyen Marka ake ce masa. Ya faɗi sunansa na gaskiya, sai dai suna ne mai kama da atishawa, babu wanda ya iya riƙe shi.

Ya ce shi hafsa ne a lokacin yaƙi, Sale yana cikin sojojinsa. Ya ce shi ba Baturen Ingila ba ne, ƙasarsa Folan.

Inna ta ce, “Folan? To ashe Bafillace ne. Shi ya sa yake yawo cikin ruwa ba ya gajiya.”

Baffa ya yi dariya, shi ma Marka ya yi, ko da yake ban tsammanin ya gane ba.

Sai ya kwance damin ya ajiye a gabanta. Zangarniyar gero ce da ɗoɗɗoya da tazargade da furen kabewa da wasu furannin daji, an ɗaure da kaba. Ya ce yau tsakiyar watan Agusta, babbar rana ce a ƙasarsu. Ranar Maryamu ce, uwar Annabi Isa, wadda su a wajensu a ranar aka ɗauke ta zuwa sama. A ranar mata sukan ɗaura irin wannan dami na ganyen magani da sabon hatsi da furanni, su kai wurin ibadarsu a yi masa addu'a, su dawo da shi gida su rataye har shekara. Kuma ranar sojoji ce, ranar da ake tuna waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Ya ce shi ba shi da inda zai kai nasa damin. Masu mulkin ƙasarsa na lokacin sun kawar da ranar sojojin daga wannan rana, irinsa kuma da suka yi yaƙi a ƙarƙashin Ingila suna tsoron komawa. Uwarsa ma bai san ko tana raye ba. Amma Sale ya taɓa gaya masa sunan tasa uwar Maryama. Shi ne ya ga ranar Maryamu ce, ranar soja ce, to ga Maryama uwar soja.

Inna ta daɗe tana kallon damin. Sannan ta ce, “Ɗaukar ta sama kam Allah ne masani. Amma Nana Maryamu tamu ce mu ma. Audu, a kawo wa baƙo fura.”

A ranar ne ya ba ta labarin yadda ranar ta zama ta sojoji. Da daddare kuma, a bakin wuta, ta mayar mana da shi yadda ta ga dama. Ba ta buɗe shi kamar sauran ba. Cewa ta yi, “Wannan ba ta kura ba ce, ba ta zomo ba. Ku gyara zama.”

Ga yadda take faɗa. Wai akwai wata ƙasa can inda ruwa yake daskarewa, wadda maƙwabtanta suka daɗe da rabe ta kamar naman layya, har aka manta sunanta. Da kyar mutanenta suka haɗa ta. Ba su gama share gidajensu ba sai ga runduna daga gabas, mai yawa kamar fara, ta doso babban birninsu da ke bakin wani kogi. Baƙin da ke birnin duk suka tattara kaya suka gudu, aka ce gobe birni zai faɗi. Aka kwashe maza kaf, har manoma da 'yan makaranta. Mata kuwa suka cika wuraren ibada. Gero ya nuna a gona babu mai yanka, ranar Maryamu ta zo babu namiji a gida, amma kowace mace ta fita ta ɗaura daminta kamar yadda ta saba, tana kuka tana ɗaurawa. A kwanakin nan ne, maza suna tsaye a bakin kogi, sai rundunar nan ta karye ta juya da baya. Wasu suka ce dabarar manyan soja ce, da suka zagayo ta gefe. Wasu suka ce addu'ar matan ce. Inna takan ce, “Ni dai na san wanda ya taɓa ganin uwa tana roƙo ba zai yi gardama ba.”

A cikin waɗanda suka tsaya akwai uban Marka. Birni ya tsira, shi bai dawo ba. Marka yana yaro kamar ni a lokacin. Uwarsa ta bi bakin kogin tana tambaya, ba ta taɓa samun wanda ya nuna mata kabarinsa ba.

Shekara ta zagayo, marka ta zo, sai ga shi da kekensa da sabon dami. Haka ya mayar da abin al'ada. Inna takan sauke tsohon damin ta rataye sabon a jikin azara, ɗakin ya yi ta ƙanshin ɗoɗɗoya. Labarin kuma yana ƙaruwa a bakinta. Wata shekara sai muka ji wani sabon mutum ya shigo ciki. Wai a cikin masu tsaron kogin akwai wani yaro baƙi, mai wushirya, mai son ƙanzo, wanda ko harsashi na zuba ba ya barin salla.

Ladi ta ce, “Inna, baƙi kuma? A ƙasar Turawa?”

“Ni ke ba da labarin ko ke?”

Ni na gane ko wane ne. Ina da wushirya, kuma an sha gaya mini inda na gado ta. A cikin labarin wasu mutane ne kawai Inna take iya zancen ɗanta ba kunya. Kuma duk tatsuniyar da ta yi takan rufe ta da ƙurunƙus, ban da wannan. In ta kai inda rundunar ta juya, sai ta tura itace cikin wuta ta ce mu je mu kwanta. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, “Bai ƙare ba tukuna.”

Gaskiya ta faɗa. Marka tun zuwansa na farko ya so ya gaya mata duk abin da ya sani game da mahaifina, ita ce take tsayar da shi. Shekarar farko ya ba ta labarin jirgin ruwa, yadda Sale ya yi ta amai har abokansa suka sa masa suna. Ya doshi gaba sai ta ɗaga hannu. “Ya isa haka. Bar sauran sai baɗi.” Wata shekarar ya ba ta labarin dajin Bama, mai duhu da rana tsaka, da yadda Sale yake ɗaukar kayan wanda ya gaza a kan nasa. Ta ɗaga hannu. Baffa Audu yakan yi tsaki in baƙon ya tafi.

“Inna, ki bari ya faɗa gaba ɗaya mu huta mana.”

“Kai ka huta. In ya gama, me zai kawo shi kuma? Ba ka ga mutumin nan ba shi da kowa ba?”

Haka take cewa. Amma yanzu na san ba don shi kaɗai ba ne. Muddin labarin bai kai ƙarshe ba, wancan yaron yana nan yana tafiya cikin daji, bai faɗi ba tukuna.

Shekarar da na fara riƙe garma, Inna ta yi ciwo da bazara har muka fid da rai. Ta tashi, amma ta san jikinta. Da marka ta zo, tun safe ta sa aka share zaure, ta ɗaura sabon zanenta. Da Marka ya durƙusa ya ajiye damin, ba ta bari an kawo fura ba ma.

Ta ce, “Yau ka ƙarasa mini.”

Maza da yawa sun shigo zauren fakewa ruwa, har da maƙwabta. Ni ina zaune a gefen Baffa. Marka ya juya hularsa a hannu. Sannan ya fara, a hankali, yana neman kalmomi.

Ya ce an aike su leƙen asiri ƙetaren wani kogi, su kaɗan. Aka yi musu kwanton ɓauna, aka watse. Da hayaƙi ya lafa, daga shi sai Sale, harsashi ya sami Sale a ciki. Ya goya shi ya yi tafiya da shi har ƙarfinsa ya ƙare. Ya ce Sale bai yi ihu ba. Ya nemi ruwa, ya yi kalmar shahada, Marka ya maimaita ta yadda ya ji, ba daidai ba, amma kowa ya gane. Maza suka ce Allahu akbar. Inna ba ta motsa ba.

“Ni ba ya bar shi,” in ji shi. “Uwata ba ya san kabarin ubana. Ni ya ce uwar Sale zai sani. Ni ya haƙa rami da wuƙar bindiga. Ya wanke shi da ruwan kogi. Ya naɗe shi da bargona.”

A nan hawaye ya zubo wa Inna, karo na farko da na gani. Ta buɗe baki da kyar, ta yi tambayar da ta daɗe tana ɗauke da ita.

“Ina ka juya fuskarsa?”

Fuskar Marka ta yi haske, kamar ɗalibin da aka yi wa tambayar da ya sani. Ya zaro wani ɗan ƙarfe mai kama da agogo daga aljihu, mai allura tana rawa, irin wanda soja ke gane hanya da shi. Ya ce ya duba shi da kyau, bai yi da ka ba. Ya kwantar da Sale a gefen dama. Sannan ya miƙa hannu, ya nuna wajen da rana ke faɗuwa.

“Yamma,” in ji shi. “Fuskarsa yamma.”

Wanda bai tashi a irin ƙauyenmu ba zai yi wuya ya gane abin da wannan kalmar ta yi a zauren nan. Mu a wajenmu gabas da alƙibla abu ɗaya ne. In mutum zai yi salla cewa ake yi zai dubi gabas. In za a yi yanka gabas ake juya dabba. Babu wanda ya taɓa tafiya ya wuce Makka, babu wanda ya taɓa tunanin akwai bayanta. Abin da muka ji shi ne, mutumin nan ya duba ƙarfensa, ya san inda gabas take, da gangan ya juya wa ɗanmu baya ga alƙibla.

Baffa Audu ya miƙe tsaye. “Yamma? Ka sani ka yi? Shekara da shekaru kana shan furarmu, ashe abin da ka ƙunsa ke nan?”

Zaure ya kaure. Wani ya ce ai dama, me ake jira daga wanda ba ya salla. Wani ya ce damin nan ma a bincika shi. Marka ya tashi, fuskarsa ta yi ja, Hausarsa ta gudu ta bar shi. Yana ta nuna yamma da hannu yana maimaita kalma ɗaya da ƙarfi. Mu duka muka ji “Matka, Matka!” Muka ɗauka Inna yake kira, yana neman ta cece shi.

Baffa ya ce, “Ba uwarka ba ce! Kada ka ƙara kiranta. Fita!”

Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta tashi ta shige gida tana dafa bango. Aka wurga masa daminsa waje, ya faɗa cikin laka. Ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya tsaya cikin ruwan yana kallon ƙofar. Ya ƙara faɗin kalmar sau ɗaya, a hankali. Sannan ya tura kekensa ya tafi. Ni ina bakin zaure zuciyata tana tafasa, don ubana ne aka yi wa haka.

Daren nan an hura wuta, amma babu tumu, babu labari. Inna ta sa aka sauke tsohon damin daga azara. Ban yi barci da wuri ba, sai na ji ta a kan buzunta tana magana ƙasa-ƙasa.

“Ya Allah, kai ne mai gabas da yamma. Ka juya mini fuskar Sale. Ka juya mini fuskar Sale.”

Ranar ce na fara jin sunan ubana a bakinta. Daga nan kuma kullum sai ta faɗa, bayan kowace salla, har kunyar ta bar ta gaba ɗaya. Ta ci gaba da yi mana tatsuniyar kura da zomo, amma labarin birnin bakin kogi ba ta ƙara taɓa shi ba. Marka ta zagayo, Ladi ta ce, “Inna, na yaron nan mai wushirya fa?” Ta ce, “Na manta shi.” Ba ta kai wata markar ba bayan wannan. Baturen kuwa, masu zuwa aikin kuza suka ce ya bar Riruwai da rani, babu wanda ya san inda ya nufa.

Na girma da ƙin mutumin nan. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na sa wa na farkon suna Sale, kuma duk wanda ya tambaye ni labarin ubana sai in ce wani Bature ne ya ci amanarsa bayan ya mutu.

Wata ranar kasuwar Tudun Wada na kai masara, a lokacin ni ma na fara furfura. Mun idar da azahar muna zaune a rumfa, akwai wani tsoho da ake ce wa Baba Soja, kunnensa ɗaya ba ya ji. Samari suna tsokanarsa.

“Baba Soja, a Bama kuna salla kuwa, ko gudu kawai kuke yi?”

“Ubanka ne ya gudu. Salla kam mun yi, sai dai gabas muke juya wa ƙeya.”

Aka yi dariya, aka ce tsoho ya fara ruɗewa. Shi kuwa sai ya tsinci tsakuwa uku ya jera a ƙasa. Ya taɓa ta farko da sandarsa. “Nan Kano.” Ya taɓa ta tsakiya. “Nan Makka.” Ya taɓa ta ƙarshe. “Nan Bama. To mai hankali a cikinku ya gaya mini, wanda yake nan, in yana son ya kalli ta tsakiya, ina zai juya? Mun wuce ta, yara. Tun muna cikin jirgi limaminmu ya ce a juya. Can yamma ce alƙibla.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “Baba, in mutum ya mutu a can fa?”

“Yamma mana. Ka ce Makka ta koma inda rana ke faɗuwa.”

Makka. Ina tsaye a tsakiyar kasuwa, sai na ga mutumin nan cikin ruwa, hannunsa a miƙe, yana maimaita kalmarsa. Ba Inna yake kira ba. Makka yake cewa. Makka, Makka. Mun saba jin Matka a bakinsa, sai kunnuwanmu suka ba mu abin da muka saba ji. Mutumin da ba addininsa ba ne ya lura da inda sojojinsa suke duba in za su yi salla, ya haƙa rami shi kaɗai abokan gaba suna kusa, ya tsaya ya duba allurarsa don kada ya yi kuskure. Mu kuma muka jefa masa daminsa cikin laka.

Na bar masarar a hannun maƙwabcin rumfa na koma gida. Baffa Audu yana da rai a lokacin, ya makance. Na jera masa tsakuwa uku a tafin hannu, na sa yatsansa a kan kowace. Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, “Kuma Inna ta tafi ba ta sani ba.” 

Na je Riruwai na yi tambaya. Ramukan kuza suna nan cike da ruwa, gidajen Turawan sun zama kango. Wa zan ce ina nema? Sunansa ma ban sani ba. Na ce wani dogo mai keke, mai tsinkar ganye da damina. Wani tsoho ya ce kamar ya tuna, kamar bai tuna ba.

Daga baya na ji a rediyo cewa ƙasar tasu ta dawo da ranar sojojin inda take, tsakiyar Agusta, suna hutu, mata suna kai daminsu, sojoji suna fareti. Na yi ta tunanin ko ya kai ga gani. Ko ya sami wata tsohuwa a wani wuri da zai durƙusa wa. Ko kuwa daga ranar da muka kore shi bai ƙara ɗaura dami ba.

Abin da yake kwantar mini da rai ɗaya ne. Addu'ar da Inna ta mutu tana yi, Allah ya riga ya amsa ta tun kafin ta fara, ta hannun mutumin da muka kora. Yanzu ta sani. Abin da yake hana ni barci kuma shi ne shi Marka bai san mun gane ba.

In marka ta zo nakan sa a hura wuta, in gasa wa jikokina tumu, in ba su labarin birnin bakin kogi, da matan da suka ɗaura dami suna kuka, da yaro baƙi mai wushirya. Na ƙara mutum ɗaya a ciki, dogo mai keke. Su ma sukan tambaye ni me ya sa ba na cewa ƙurunƙus. Nakan ce akwai wanda ya kamata ya ji ƙarshen, kuma ban same shi ba.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan kaɗan ne. In baƙo ya zo muku da labarin naku, ya faɗi abin da ya ƙona muku rai, kada ku yi irin tamu. Ku bar shi ya zauna ya sha furarsa. In ya nuna yamma, kafin kowa ya miƙe tsaye, a sami mutum ɗaya ya tambaye shi a ina yake tsaye ranar da ya duba.